Ranar da Na Kama Ƙafar Baba Ayuba

Ba zan taɓa mantawa ba da imanin da na dawo da shi daga jami'ar Dakar a farkon shekarun saba'in. Na gaskata cewa kowace gaɓa ta jikin mutum tana da wakili a tafin ƙafarsa, kuma wanda ya san inda zai danna yana iya rage wa mai ciwo raɗaɗi. Wata malama Baturiya ce ta nuna mana zanen: babban yatsa shi ne kai, tsakiyar tafi ita ce ciki, dunduniya kuwa ƙugu. Na gwada a kan abokin ɗakina, ya ce ya ji sauƙi. (Sai da na girma na fara zargin ya faɗi haka ne don in ƙyale shi.)

Aka turo ni koyarwa a lakwal ɗin Madarumfa, wato makarantar boko, inda na ga Rifkatu a majami'a na ce ita nake so. Magabatana suka zo daga Maraɗi suka yi magana, amma mahaifinta, Baba Ayuba, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Dattijon majami'a ne, mai lambu a bakin tafki, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a waje ba. Labari ya iso mini cewa ya ce yaron yana da ilimi, amma bai ga alamar ya iya durƙuso ba.

Wata rana Rifkatu ta ce mini ciwon ɓarin kai ya matsa wa Baba, ƙwayoyin asibiti suna taimakawa amma ba sa gamawa da shi. Na ga ƙofa ta buɗe. Na ce mata, "Ki gaya masa ranar Asabar da hantsi zan zo in kama masa ƙafa."

Ta gaya wa Innarta, Inna ta gaya wa Baba. Abin da ya isa kunnensa shi ne, "Mushe zai zo kamun ƙafa." (Mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu.) To, kowane Bahaushe ya san kamun ƙafa roƙo ne, mutum ya ƙasƙantar da kansa gaban babba yana neman alfarma. Ni kaɗai, da duk karatuna, na manta da wannan ma'anar.

Da na isa na tarar zaure cike. Dattawan majami'a sun zauna a kan tabarmi, ga ƙwaryar fura a tsakiya, ga Alhaji Bako, maƙwabcin Baba kuma amininsa tun yarinta, mai kamiyon, babbar motar kaya da ke jigila tsakanin Ɗan Issa da Katsina. Na ɗauka dubiya suka zo. Har na ji daɗi, na ce a raina ilimi zai sami shaidu.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaida kowa. Dattawa suka gyaɗa kai.

Na ce, "Baba, na zo ne kan alkawarin da na yi."

Ya ce, "Muna saurarenka, yaro."

Na zaro kwalbar man gyaɗa daga aljihu. Alhaji ya leƙa ya ce, "Wannan ce gaisuwar? Ai ko ƙosai uku ba za ta soya ba."

Na matsa da gwiwa, na sa hannu ƙarƙashin babbar rigar mutumin da al'ada ta hana in haɗa ido da shi, na jawo ƙafarsa ta dama na ɗora bisa cinyata. Zauren ya yi tsit. Ni kuwa na fassara shirun da girmamawa. Na shafa mai, na kama babban yatsa na murza, ina bayani: "Nan ne kanka yake, Baba."

Ya ce a hankali, "Kaina?"

Da na tsaya a nan, da wataƙila an ce zafin rana ne ya taɓa ni. Amma na gangara tsakiyar tafi. Ashe dattijon nan ba ya jure cakulkuli. Ya cije leɓe, kafaɗunsa suka fara rawa, sai wata siririyar ƙara ta kuɓuce masa irin ta ɗan akuya, dariya ta biyo baya. Yana cewa, "Kai! Sake ni! Don Allah, yaro!" Ni kuma na tuna an koya mana cewa wurin da ya fi motsa mutum nan matsalar take, sai na ƙara riƙewa. Ƙafar hagu ce ta raba mu. Ta same ni a ƙirji, na koma da baya na zauna daram cikin ƙwaryar fura.

Alhaji ya kwanta a tabarma yana bugun ƙasa. "Mushe, a Dakar haka ake roƙon mace? Ayuba, shekara nawa ina ba ka labarai ba ka dara ba, ashe a ƙafa ka ɓoye ta!"

Wani dattijo ya tambaye ni da tausayi, "Ɗana, da aka ce kamun ƙafa, me ka fahimta?" A nan ne kalmar ta dawo mini da ma'anarta ta gida, fura tana ratsa wandona. Na tabbata na rasa Rifkatu.

Baba ya share hawaye, ya gyara hula, ya ja ƙafafunsa ya rufe da riga. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga dattawa ya ce, "Ku ba shi ita, tun kafin ya kama ɗayar."

Washegari Inna ta aiko cewa kan ya lafa. Har yau ban sani ba ko yatsan ne, ko dariyar, ko ƙwayar da ya sha da safe, kuma shekaru sun koya mini kada in yi saurin karɓar yabo. Abin da na sani shi ne, mutum ya fara tantance abin da kalma ke nufi a garinsu kafin ya aika da ita gidan surukai.

An ɗaura aure bayan girbi. Har Baba Ayuba ya bar duniya, bai ƙara karɓar gaisuwata ba sai da takalmi a ƙafarsa.