Injiniyan Mairi a Sama

Wani ne a unguwar Mairi ta Maiduguri, mai gyaran janareto. Tsayinmu ɗaya da shi, amma ba ni ba ne, ku daina kallona. Mutumin nan aikin hannunsa kaɗan ne, bakin ne mai yawa. Kullum a majalisa cewa yake har jirgin sama ya taɓa yi wa wayarin, alhali ko bakin filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Alhaji Madu ya ji wannan cika baki, ya yarda. Ya ce zai kai shi Abuja ya kafa masa babban injin wuta a sabon otal ɗinsa, kuma in ya ga hannunsa, aikin ya zama nasa har tsufa. Ya yankar masa tikitin jirgi.

Sun tashi daga Maiduguri lafiya. Ana cikin raba shayi sai fitilun jirgi suka mutu ɗif. Matuƙi ya yi wani dogon Turanci, sannan ma'aikaciyar jirgin, wata Rhoda, ta maimaita da Hausa: janareto ɗaya ya tsaya, kowa ya zauna ya ɗaura bel, ana kan gyara.

Mutumin ya lafe a kujerarsa. Alhaji Madu kuwa ya juyo da murna.

“Injiniya, ga ranarka. Tashi.”

Mutumin ya ce ai masu bincike sun ƙwace masa testa, abin gwada wuta, a ƙofar filin jirgi. Alhaji ya ce wanda ya yi wa jirgi wayarin, me zai yi da testa? Mutanen da ke kusa suka ji an ce injiniya, suka hau ba shi hanya har da addu'a. Babu yadda zai yi. Ya miƙe, ya nufi baya wajen Rhoda.

Ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta ina janareton yake. Ta ce yana jikin inji, ƙarƙashin fiffike. Ya leƙa taga, ya ga gajimare a ƙasa da su, ya ce to ta ina ake jan igiyar?

“Baba, ba ya da igiya. Je ka zauna.”

Ya ce to a jona waya daga maƙwabta mana kafin a gyara. Ya sake leƙawa. Ko tsuntsu babu.

Rhoda ta ga zufa na tsiyaya daga hularsa, ta tausaya. Ta ce da gangan aka kashe fitilu da tukunyar shayi, don wutar da ta rage ta ishi na'urorin matuƙa. Akwai kuma wani ƙaramin inji a wutsiya, yanzu za su tayar da shi. Suna bin littafi ne, ɗaya na karantawa, ɗaya na amsawa yana dannawa.

“Littafi?” in ji shi. “'Yar nan, sai yanzu suke koyo?”

Nan fa cikinsa ya ce bai san zance ba. Ya ture ƙofar da ke gefensa, ashe ban-ɗaki ne, ya faɗa ciki. Rhoda na buga ƙofa tana cewa ya fito, shi yana ciki a duhu yana tuba, yana yafe wa duk wanda ya taɓa cewa gyaransa ba ya kwana biyu. Da ya gama abin da ya kai shi, ya laluba bango, ya ji wani maɓalli, ya danna.

Daidai lokacin matuƙa suka tayar da injin wutsiya. Ban-ɗakin ya yi wata zuƙa mai ƙara kamar zai haɗiye shi da wando, fitilun jirgi gaba ɗaya suka kawo.

Ya fito, sai ya ga kowa ya juyo yana kallonsa. Wani dattijo ya ɗaga masa hannu, ya ce, “Wushe, sannu da aiki, injiniya.” Wata mata ta fara tafi.

Nan take kafaɗa ta dawo. Ya taho a hankali yana karkaɗe hannu, yana gaya wa na dama da na hagu cewa ƙaramin abu ne, toshewa ce kawai, ya saki layin. Rhoda ta buɗe baki, ya yi mata kallon a rufa asiri, ta rufe.

Ya iso kujerarsa, ya ce wa Alhaji yaran nan matuƙa suna da ƙoƙari, hannu ne bai faɗa ba tukuna.

Alhaji Madu ya dube shi daga hula har ƙasa. Ga tazugen wando ya zubo ta ƙarƙashin riga, yana reto har gwiwa. Ya miƙa hannu ya nuna.

“Sannu da aiki. Amma ga waya ɗaya ka bari ba ka haɗa ba.”

Mutumin ya kalli ƙasa, ya ja da baya.

“Kar ka taɓa, Alhaji. Akwai wuta a jiki.”