Rasuwar Gwaggo, Iyakwandishan Ɗakin Ɓeraye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga jiƙe sharkaf da gumi, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, iyakwandishan ɗin ɗakin ɓeraye na sashen gwajin guba. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce, tana maƙale a bangonta, ba kowa a kanta, bayan doguwar jinyar da kowa ya ji da kunnensa amma ba wanda ya kai ta asibiti.

Ga waɗanda ba su san gidan da aka yi rashin ba, aikinmu shi ne mu ɗauki maganin ƙwarin da ake fesawa a gona, mu gwada shi a kan ƙwayoyin halittar da muke reno a 'yan ƙananan farantai, sannan a kan fararen ɓeraye, don a san abin da yake yi wa hanta da ƙoda. Ɓeran gwaji kuwa ɗan gata ne, ba ya jure zafi kamar ɗan uwansa na bayan sito. Shi ya sa a duk ginin nan, daga ofishin Farfesa har ɗakin taro, ɗaki ɗaya tal hukuma ta ga ya cancanci sanyi, kuma mazaunansa ba mai ko takardar firamare.

Marigayiya ba ta san bambanci ba. Yadda take hura wa ɓera, haka take hura wa mai digiri uku. Albarkacinta mutanen da ke toshe hanci in an ambaci ɓera suka koyi tausayin dabbobi, musamman in rana ta take. Akanta mai riƙe da kuɗin sashe, wanda ko jini a auduga ya gani sai jiri ya kwashe shi, kullum bayan azahar sai ya shiga duba lafiyar bayin Allah, ya fito da shatin tebur a kumatu. Farfesa ya ajiye kujera a bayan ƙofa, wai nan tunani ya fi zo masa, kuma mun sha jiyo tunanin nasa tun daga baranda. Gwaggo ta san sirrin kowa, har ta koma ba ta tona wa kowa asiri ba.

A ƙuruciyarta muryarta siririya ce, "huuuu" kawai. Da girma ya zo sai ta koma "gurrr, kat, gurrr". In an kawo wuta takan yi "ƙyas", sannan ta ja dogon nishi kamar tsohuwar da jikoki suka tasa daga barci. Ta fara zubar da ruwa, muka tara mata bokiti. Ta fara kakari, muka riƙa dafa ta da mari a gefe. Mai gyara ya zo ya kasa kunne, ya ce zuciyarta ce, a canza tun da wuri. Magana ta je ofis, ofis ya kafa kwamiti. A ƙarƙashinta kwamitin ya yi zamansa, tunda nan ne kaɗai ake iya zama, ya kuma gamsu baki ɗaya cewa mara lafiyar tana aiki.

Wannan rashi ya fi taɓa ni fiye da kowa, kuma zan faɗi dalili, ko da ba a saba sa irinsa a sanarwar rasuwa ba. Yayana manomi ne, a hannunsa na tashi. Feshi yake yi ba riga ba takunkumi, in garin maganin ya ƙi narkewa sai ya zura hannu cikin bokiti har gwiwar hannu ya dama. Yanzu kofin shayi da hannu biyu yake riƙe shi, ga wani tari da ba ya jin magani. Na saya masa safar hannu mai kauri, na nuna masa hoton ƙwayoyin halittar da maganin nan nasa ya kashe a faranti. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya miƙo min.

"Auta, wannan ai ɗigon ruwa ne," in ji shi. "Kawo min abu mai jini da numfashi. Ranar da ɓerayenki suka mutu, ranar zan buɗe safar nan taki."

A kan wannan alkawari na raba ɓerayena gida biyu. Kashi ɗaya ina ɗura musu maganin kaɗan-kaɗan kowace safiya, kowa daidai nauyinsa. Ɗaya kashin ruwa zalla suke sha, su ne ma'aunin da za a gwada sauran da su. Ƙa'idar ɗakin ita ce kejin masu shan magani a kantar ƙasa, na masu lafiya can sama kusa da rufi, don kada fitsarin masu guba ya ɗiga a kan masu tsabta. Ƙa'ida ce mai kyau, ni da bakina na sha koya wa ɗalibai ita. Watanni ana haka. Na ƙasa suka fara rama, gashinsu ya tashi, ɗaya har ya soma karkarwa irin ta Yaya. Saura ƙiris a kammala a duba hantarsu.

Ranar Asabar na ba su maganinsu da safe, na ja ƙofa na tafi gida. Mai gadi ya shaida cewa da tsakar rana ya ji ta yi "gurrr, gurrr, tik", daga nan bai sake jin komai ba. Ya ɗauka wuta aka ɗauke. Ɗakin ba taga, rufinsa na kwano ne, zafi kuma in ya shiga ɗaki sama yake fara taruwa.

Washegari ina buɗe ƙofa hucin ya mare ni. Na sama, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana ko ɗigon guba ba, duk sun miƙe ƙafafu. Na ƙasa kuwa sun lafe kusa da siminti, inda iska ke kurɗowa ta ƙarƙashin ƙofa, suna kallona da jajayen idanunsu, suna jiran karin kumallo. Ko ɗaya bai mutu ba. Wato abin da na gano bayan duk wahalar nan shi ne maganin ƙwari yana ƙara tsawon rai.

Farfesa ya ce a watsar a sake daga farko, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai sabon gwaji ba zai ƙare ba sai an kai amfanin gona gida, feshi kuwa yanzu ake yin sa.

Da yamma Yaya ya kira.

"Auta, ya mutanen naki?"

Na ce an yi rashi.

"Waɗanda suka sha?"

Na ce a'a. Na shiga yi masa bayanin kantar sama da rufi da zafi, shi kuma ya yi ta dariya har tarin ya sarƙe shi. Na tsaya riƙe da waya ina jira ya samu numfashi, ya daɗe bai samu ba. Ban taɓa jin haushin abu mara rai kamar yadda na ji haushin Gwaggo a lokacin nan ba, kuma tsoro ya kama ni sosai. Amma tunda ta tafi, na yafe mata, sauran kuma tsakaninta da kwamiti.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya, wanda batirinsa ya daɗe da komawa agogon bangon Akanta, da bokitin da ya yi jinyarta har ƙarshe, da wata fanka 'yar riƙo da ke ta juya kai dama da hagu tana neman uwarta. Ta kuma bar ɓeraye masu shan guba cikin rai da ƙwarin gwiwa, da kwamitin da yanzu ba shi da wurin zama.

Za a sauko da gawar ranar Laraba da hantsi. Mai gyara ne zai jagoranta, ya kuma roƙi kada wani ya tambaye shi abin da ya kashe ta, don ya faɗa tun tana da rai. Daga nan za a raka ta sito a bayan gini, a kwantar da ita kusa da firjin da ya riga ta. Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, kowa ya zo da maficinsa. Waɗanda suka fi kowa barci a wurinta su ake sa ran su ɗauki gawa, Akanta a gaba, Farfesa a baya.

Jikin marigayiya ya yi tsatsa, amma masu ɗauka ba sai sun nemi safar hannu ba. Yaya ya aiko da wadda na saya masa, tana nan sabuwa fil cikin ledarta. Ya ce a yi masa uzuri, ba zai samu zuwa ba, ranar yana da feshi.