Aikin Jidda a Kicin Ɗin Umma

"Ni dai na ce a kira kafinta!"

"Kafinta? Ina tsaye a gidan nan da raina da lafiyata? Yaya, kina jin 'yarki ko?"

Badariyya ta murguɗa baki ta kau da kai. Umma kuwa ta rafka tagumi a ƙofar kicin, tana kallon sabon firjin da Abba ya aiko daga Legas. Ƙato ne, mai ƙofa biyu, ya yi ƙerere a tsakar gida kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba. Gurbin da tsohon ya fita, tsakanin kabad ɗin kwanuka da bango, ko kafaɗarsa ɗaya ba zai ɗauka ba. Ta sama ma wani kabad ɗin ne ya tokare.

Mai wannan kumfar baki Kawu Tanimu ne, ƙanin Umma. Siriri ne kamar sillen kara, amma bakinsa ya fi ƙofar gari faɗi. 'Yan watanni ya yi a Jidda tun Badariyya tana goye, har yau bai gama dawowa ba. Ka ce shayi, na Jidda ya fi kauri. Ka ce rana, ta Jidda ta fi zafi. Akuya ta haihu, ya ce na can huɗu-huɗu suke zubowa.

Ya ce, "Ni da na haɗa wa wani Balarabe kicin sai da ya yi kuka? Kuka wiwi!"

"Na daɗi ko na takaici?" in ji Badariyya.

Umma ta daka mata tsawa. "Ke! Kawun naki?"

Badariyya ta ja gefe tana ƙunƙuni. Gobe walimar saukarta. Ta riga ta cika wa ƙawayenta baki cewa kunun ayarta sai ya kama haƙori don sanyi. Tun safe take fama, jiƙo, markaɗe, tata, ga dabino ga kwakwa. Ta ɗura a robobi, suna nan jere cikin baho. Kunun aya kuwa ba shi da haƙuri. Ya wuni a zafi, ya yi tsami, ya kumbura, sai kwata. Tsohon firjin an riga an kai wa Gwaggo. Soket ɗin da zai iya ɗaukar sabon kuma ɗaya ne tal, yana can ƙuryar gurbin nan, cikin wani ɗan lungu da ake ajiye tukunyar gas a da.

"To Kawu, in za ka yi, ka yi. Rana tana tafiya."

Ya aro zarto da guduma a maƙwabta. Ya naɗe hannun riga, ya tura hula ƙeya. Aka ce ina tef ɗin awo?

"Tef na 'yan koyo ne. Miƙo min muciya."

Da muciyar tuwon Umma ya auna firjin. Tsaye kaza, kwance kaza, da ɗan rabin ludayi a kai. Ya zana da gawayi. Umma tana ta kwashe tangaran ɗinta tana salati.

Ƙurrr! Ƙurrr! Zarto ya kama katako. Kwas! Kwas! Garin katako ya cika ko'ina, har cikin gishiri. Yana yanka yana wa'azi.

"Kafintocin garin nan sai su bar maka fili a gefe kamar za a yi sallar idi. A Jidda ba haka muke yi ba. Cif-cif! Ko reza ba ta shiga. Kyankyaso ma sai ya nemi biza."

Badariyya ta leƙa baho, ta taɓa roba ɗaya, ta ji ta fara ɗumi. Ta koma, ta dawo, ta sake komawa.

"Kawu, ka gama?"

"Gaggawa aikin shaiɗan."

"Kawu!"

Sai bayan la'asar ya yar da zarto. Abin mamaki, gefe ya yanku, sama ya yanku, har da ɗan kyau. Aka gangaro da firji a kan tayoyinsa zuwa bakin gurbin. Nan aka ga wayarsa gajera ce, ba za ta kai soket ba sai an matso da shi sosai.

Kawu ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya kama kan wayar, ya shige gurbin da baya, ya tsuguna a lungu.

"Ku matso da shi kaɗan. In na jona sai in zame ta gefe in fito."

Umma da Badariyya suka tura. Taya ta ci karo da bakin tayil, ta tsaya cak.

"Ku turo mana! Saura ƙiris!"

Suka sake turawa. Ko motsi.

"Kai, matan Kano! Ba ku ci abinci ba ne? A Jidda yarinya ɗaya take tura wanda ya fi wannan da ɗan yatsa!"

Ai kuwa ya taɓo Badariyya inda yake mata ciwo. Badariyya ta ja da baya har bakin ƙofa, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta taho a guje ta daki firjin da kafaɗa.

Suluuuɓ! Ƙarap!

Firji ya shige gam, kamar an haife shi a wurin. Sai ga ƙara, vuuum, ya kama aiki.

Daga can baya murya ta fito, ƙasa-ƙasa. "Kun gani ko? Aikin Jidda kenan!"

Can sai muryar ta sake fitowa.

"To... ku ɗan ja shi baya."

Umma ta kama mariƙi ta ja, ƙofa ce kawai ta buɗe. Ta nemi inda za ta sa yatsa a gefe, babu. Sama, babu. Ta kawo wuƙa, wuƙa ta ƙi shiga.

"Tanimu, turo daga nan!"

"Da me? Gwiwata tana haɓata! Yaya, abin nan zafi yake huro min!"

Badariyya kuwa tuni ta jawo baho. Tana jera robobi tana 'yar waƙarta.

Ana cikin haka aka yi sallama. Matan maƙwabta ne suka zo taya aikin walima. Iya Talle a gaba da tiren albasa, bayanta Anti Lubabatu, bazawarar da Kawu ya daɗe yana yi wa zarya da labaran Jidda.

Murya ta yi raɗa. "Yaya, don girman Allah kar ki ce ina nan."

Iya Talle ta tsaya tana shafa firjin. "Ma sha Allah! Wane gwanin ne ya zaunar da shi haka?"

Garin katako dai ba ya jin roƙo.

"Atishaaa!"

Tire ya yi sama, albasa ta watse. Iya Talle ta yi tsakar gida ba takalmi. "A'uzubillahi! Da mutanen ɓoye aka sayo shi!"

"Yarhamukallah, Kawu," in ji Badariyya.

Anti Lubabatu ta kanga kunne a jikin kabad. "Malam Tanimu? Kai ne?"

Ya yi gyaran murya. "Ni ne. Ina wuni? Ai... sabon firji sai an zauna an saurari numfashinsa. Haka ƙa'ida take."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu zama a ƙasa. Anti Lubabatu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Umma ta share hawaye ta ce, "Badariyya, fito da robobin nan ya rage nauyi. Tanimu, zare wayar mu samu mu jijjiga shi."

"A zare me? Umma, yanzu fa ya fara sanyi! Taɓa ki ji!"

"Za ki fito da su ko sai na saɓa miki?"

Badariyya ta dubi robar da ke hannunta, har ta fara raɓa. Ta dubi Umma. Ta mayar da ita ciki.

"Ai ya ce numfashinsa yake saurare. Ku bar shi ya gama ji!"

Ta maka ƙofar firjin, garam! Firji ya ƙara zamewa ciki.

"Wayyo hancina! Lubabatu, ki ce su cece ni!"

Kafin Umma ta lalubo muciya, Badariyya ta kai zaure.