Makullin Shagon Kaka

"…Lafiya lau, baiwar Allah. Ɗinki kika kawo?"

"Baiwar Allah? Yau kuma ni ce baiwar Allah?"

Tsohon tela ya ɗago kai daga keken ɗinkinsa, ya ƙanƙance ido. Jikarsa ce, malamar makaranta, tsaye a ƙofar shago da katin asibitin ido a hannu. Sau uku ana karɓo masa katin nan, sau uku yana ɓata. Ni dai ban taɓa ganin takarda mai ƙafa irin wannan ba.

"Au, ke ce? Ai na gane ki sarai. Muninki ne ya ƙaru, shi ya sa na yi shakka."

"Munina ko idonka? Tashi mu je, tsoho, likita na jira."

"Ni da likita? Daga nan ina hango ƙuda a kan rufin maƙwabta, har in faɗa miki mace ce ko namiji."

"To, mai hangen ƙuda, dubi rigar nan da ka ɗinka min. Shuɗiya ce, ka bi ta da koren zare. Hannun dama ya wuce yatsuna, na hagu ko gwiwar hannu bai kai ba."

"Hannuwanki ne ba daidai ba. Tun kina jaririya na faɗa wa uwarki."

"Aljihun ma ka ɗinke bakinsa ruf!"

"Don kada ki yi ɓarna. Gata na yi miki, mara godiya."

"Zura min zare a allurar nan in gani."

Ya lashi zare, ya auna, ya soka. Zare ya wuce ta gefe abinsa. Ya sake, ya sake.

"Allurar zamani ce, ba sa yi musu ƙofa."

"Kaka, ƙusa ce na miƙa maka."

Ya yi tsaki ya jefar.

"Makon jiya aka duba idon 'yan ajina," in ji ta. "'Yan shekara bakwai, ko ɗaya bai yi kuka ba. Biyu aka ba tabarau, yanzu suna ganin allo. Kai da furfurarka kake tsoro?"

Nan tsoho ya ba ni tausayi. Ya shafa kan keken a hankali.

"Ubanki ya ce in likita ya ce idon ya ƙare, zai sayar da keken nan in zauna a gida. Shekara arba'in, yarinya. In zauna in yi me?"

"In ka ƙi zuwa ne zai ƙare. Wataƙila ma yanar ido ce kawai, a cire ta ka dawo. Kuma duk mai son taɓa keken nan sai ya bi ta kaina. Wa zai ɗinka min kayan aurena?"

"Aurenki da wa, ina raye? Wa zai kwashe ki in ba ni ba?"

"To, angon nawa, ba na auren mai lalube."

Ya ciro makullin shago daga aljihu. "Riƙe. Kada ki ba ubanki ko da zai yi birgima."

Ya miƙa hannu da ƙarfin hali, sai dai wata rigar da ke rataye a jikin bango ya miƙa wa.

"Kaka, ina nan. Ta hagunka."

Ya tsaya. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Kin ci, ja'ira. Kama hannuna mu je."