Rasuwar 'Yar Kunne, Na'urar Jin Malam Hashimu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba a iya mayarwa, Malam Hashimu na Talata Mafara yake sanar da 'yan'uwa na Bakura da Birnin Tudu, da surukai na Maradun da Dosara, rasuwar abokiyar zamansa, na'urar ƙara jin magana da aka fi sani da 'Yar Kunne. Ta rasu ranar Larabar da ta wuce, a cikin tukunya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun wasu likitoci da suka zo duba kunnuwa kyauta, suka tafi ba su bar adireshi ba. Ba ta wuce ƙwallon dabino girma ba, amma ita ta dawo wa Malam da kiran salla, da kukan injin ban ruwa, har da tsegumin majalisa da ake yi da shi yana zaune yana murmushi. Mai haƙuri ce, doguwar gaisuwa ba ta taɓa gajiyar da ita ba. Aibinta ɗaya, takan yi "fiiii" a sahun gaba daidai lokacin da liman ya yi shiru. Idan batir ya yi ƙasa kuwa, sai ta ce "tit, tit" cikin ladabi.

Babban aikinta dai a cikin gida yake. Baturiya, maiɗakin Malam, tarbiyyar mutanen da gare ta: tun da aka kawo ta ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa ɗaga masa murya ba. Da kunnensa ya yi nauyi 'ya'ya sun roƙe ta ta riƙa ƙara sauti, ta ce ba za ta tsufa maƙwabta su ji tana yi wa mijinta tsawa ba. Muryar nan tata, mai kamar ana zuba gero a ƙwarya, 'Yar Kunne kaɗai ke iya kamo masa ita.

Ciwon ajali ya faro ne a ƙofar gida. Fa'iz, ɗan ƙanen Malam, ma'aikaci a sakatariya, yana karanto wa dattawa hasashen masana daga wayarsa. Wai nan ba da jimawa ba na'ura za ta fi mutum tunani, za a dasa wa mutane ɗan ƙarfe a ƙwaƙwalwa, kurma ya ji tafiyar tururuwa, tsufa ya zama ciwon da ake sha wa magani. Malam ya yi ta musu a baki, amma a ransa abin ya yi masa daɗi. Yana cikin tunanin ko zai kai wannan zamani aka kira La'asar. Shi da kullum sai ya cire 'Yar Kunne ya sa a hula kafin alwala, ranar nan ya manta, ya shafi kunne da ruwa sharkaf. Ta yi "fii" ɗaya gajere, ta yi shiru.

Fa'iz ya tambayi basirar nan mai ba da amsa a cikin waya. Ta jajanta da Hausar Kano tsantsa, ta ce a binne marar lafiyar cikin ɗanyar shinkafa don ta tsotse ruwan. Malam ya yi hakan da hannunsa a kwanon shinkafar Bakura, kunya kuma ta hana shi gaya wa kowa a gida. Washegari Baturiya ta zo da kwanon, ta durƙusa ta ce, "Malam, in dahwa wagga?"

Ya ga leɓɓanta sun motsa, ya gyaɗa kai ya ce to, madalla. A cikin malmalar tuwo aka tsinci gawar.

An kai ta wurin masu gyaran waya a kasuwa, babbansu ya juya ta, ya shinshina, ya ce shi dai bai taɓa gyara abin da aka tuƙa ba. Wayar Fa'iz ta sake ba da haƙuri, ta ce nan da 'yan shekaru irin wannan matsala za ta zama tarihi. Malam ya ce a tambaye ta ta wace hanya shekarun za su biyo, ta Gusau ko ta Sakkwato, don ya je ya tare su.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatinta, da ɗan burushin goge ta, da batura marayu, da wani dattijo da ya rasa inda zai sa kansa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan La'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida, cikin kwalin ashana. Ana roƙon masu ta'aziyya su bi gaisuwa a jere kada su tsallake, domin da hadda Malam yake amsawa. Mai labarin zamani mai zuwa kuma ya riƙe abinsa sai ya iso.

Kada kowa ya ji haushi idan ya ga Malam ya ba shi baya. Jiya yana fita, 'yarsu Mufida ta ji Baturiya ta dubi ƙeyarsa ta ce, "Hashimu," sau ɗaya, da muryarta ta kullum. Bai waiwayo ba. Da Mufida ta ƙwala masa labarin a kunne, ya aika yana roƙon a maimaita, Baturiya ta ja mayafi ta ce ita ba ta san zancen ba. Malam ya sani sarai, da yana ji da ba ta faɗa ba.

Saboda haka zai karɓi gaisuwa yana fuskantar ƙofar ɗakinta, idonsa a kan bakinta.