Yadda Za Ka Sayar da Shafin Intanet Mai Kare Muhalli a Dangora

Kai da ka gama karatun kwamfuta ka dawo gida, kana so a san ka da kishin muhalli daga Kiru har Doguwa, gyara zama ka saurara. Matakai shida ne kacal. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin damina ta kankama ba gidan da ba za a ambaci sunanka ba. Abin da za a faɗa bayan sunan kuwa, ba ya cikin alkawarina.

An gwada su a kan mutum mai rai, Munir ɗan gidan Malam Sani, wanda ya buɗe shago a Dangora. Sana'arsa ita ce ya haɗa wa ɗan kasuwa shafi a intanet, sannan ya ba shafin masauki a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta. Tasa da hasken rana take aiki, abin da yake taƙama da shi ke nan. Kawunsa mai shagon wayoyi a Kano ya ba shi wa'adi: in ruwan farko ya sauka bai samu ko kwastoma ɗaya ba, ya tattara komatsansa ya zo ya tsare masa kantar shagon. Munir ya tsani kantar nan kamar ciwon haƙori, matarsa Bushra kuma ba ta son barin garin da mahaifiyarta take.

Mataki na 1: Ajiye sola inda ido zai gan ta

Kada ka kuskura ka ɗora farantan sola a kan rufi. Wa zai ɗaga kai cikin wannan rana don ya yaba maka? Munir ya kafa nasa a kan ƙarafa a filin da ya saya gefen shago, tsayinsu daidai ƙugun mutum, suna fuskantar titi. Ya shafa wa ƙofa koren fenti, ya sa aka zana ganye a allon shago. Waɗanda suka fara nuna jin daɗinsu awakin unguwa ne, don sun samu sabon wurin kwanciya.

Mataki na 2: Ɓoye janareto

Dole kana da shi, kowa ma yana da shi. Kai shi bayan shago, ka lulluɓe da buhu. In ya zama tilas ka tayar, ka ɓata rai ka ce injin niƙan makwabta ne ya dame ka.

Mataki na 3: Amsa tambayar da ba a yi maka ba

Kwastoma zai tambaye ka abu biyu, arha da sauri. Kai kuma ba ka da ko ɗaya, don haka ka riƙe zancen hayaƙi da kyau. Dubi yadda Munir ya yi da Alhaji Dikko, dillalin masara daga Tudun Wada.

Bayan sun gaisa, Alhaji ya ce, “To ɗana, wannan naka mai ganyen ya fi na mutanen Kano sauƙi?”

“A'a, Alhaji, amma ba ya fitar da hayaƙi.”

“Ya fi sauri?”

“In da rana, ba laifi.”

“In hadari ya haɗo fa? Masarata ta ɓace daga duniya ke nan sai gari ya washe?”

Munir ya shiga bayanin ɗumamar yanayi, har da zane a takarda. Alhaji ya saurara tsakani da Allah, ya gyaɗa kai, sannan ya lalubo takalmansa. “Allah ya yi maka albarka, ka yi karatu. Amma hayaƙin da ban taɓa gani ba, me ya tsare mini?”

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Mutum goma sha huɗu suka yi wa Munir haka, kuma kowannensu sai da ya sa masa albarka kafin ya fita.

Mataki na 4: Nemo wanda za ka ɗora wa laifi

Masani ba ya laifi, sai dai a yi masa. Munir ya duba ya duba, ya gano cewa daga azahar wata tsohuwar ɗorawa da ke bakin filin tana jefa inuwa a kan farantansa, batir ya kasa cika, kwamfutar ta riƙa jan ƙafa. Ya aika aka kira Ɗantani mai sarar itace.

Ɗantani ya ɗaga kai ya kalli rassan, sun yi nauyi da 'ya'ya ɗanyu shar. Ya ce, “Malam Munir, ka tambayi mai ita?”

“Ni na sayi filin nan. Ga takarda, har da hannun mai unguwa.”

“Fili ka saya,” in ji Ɗantani. Ya saɓa gatarinsa ya yi gaba.

In mai sarar itace ya ƙi sarar itace, kada ka tsaya tunanin dalili, tunani yana ɓata lokaci. Munir ya ari tsani da gatari ya hau da kansa. Kafin la'asar manyan rassa uku suna ƙasa, rana ta kwanta a kan farantai, batir ya cika fal. Ya koma gida yana fito.

Mataki na 5: Tarbi kwastoman da ya san darajar aikinka

Yana nan tafe, ka yi haƙuri. Na Munir washegari da hantsi ya zo: Inna Saude, shugabar ƙungiyar mata masu daddawa. Ta lungun baya ta biyo, don haka ba ta ga filin ba. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya rusuna ya gaishe ta.

Ta ce, “Bushra ta gaya mana a wajen suna cewa injinka ba ya cutar da itatuwa. Mu kuwa ɗan nan, da itace muke ci, da shi muke aurar da 'ya'ya. Akwai masu son yi mana shafi daga Kano, na ce a'a, mai tausayin itace za mu ba.”

Wata huɗu Munir yana jiran ya ji wannan magana daga bakin ɗan Adam. Daɗi ya kusa sa shi kuka. Ya ce, “Inna, taso ki gani da idonki!” Ya wuce gaba, ya kai ta wajen farantan.

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tsaya a gaban rassan da ke kwance, ta sunkuya ta ɗauki ɗanyar ɗorawa guda, ta juya ta a hannu.

“Wannan ta mahaifiyata ce,” in ji ta. “Filin nan sau uku yana canja hannu, ita ba ta taɓa canjawa ba. Wa ya hau?”

A ƙasar nan ana sayar da fili a bar itaciya ga mai ita, musamman ɗorawa, kuma ana gadonta kamar gona. Munir ya san haka tun yana tsintar kalwa a ƙarƙashin wannan ɗorawar. Shekara takwas a birni ce ta goge masa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Mataki na 6: Durƙusa

A nan dabaruna suka ƙare. Munir ya durƙusa ya ce shi ne, bai kawo zancen takarda ba.

Inna Saude ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce rabin kalwarta ta bana yana ƙasa, rassan kuma sai sun shekara uku kafin su sake abin kirki. Sannan ta ce, “Mazanmu sun tsufa, 'ya'yanmu suna birni. Ɗorawa goma sha ɗaya muke da su tsakanin nan da Badafi, ba mai hau mana. Tunda ka iya hawa, in sun nuna sai ka zo da ƙugiya, ka bar gatari a gida. Zancen shafi kuwa, ban ce komai ba.”

Haka aka yi. Mai digirin kwamfuta ya ɗaure wando, kullum yana bin tsofaffin mata daji da doguwar gora a kafaɗa, tururuwa na cizonsa, suna yi masa gyara daga ƙasa. Yana kan ta bakwai iska ta juya, aka fara yayyafi, ƙanshin ƙasa ya tashi. Ruwan farko ke nan. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

“Munir, an yi ruwa a nan Kano,” in ji kawunsa. “Ka samu kwastoman?”

“Ban samu ba, Kawu.”

“To gobe in gan ka.”

Munir ya kalli buhunan ɗorawar da ke ƙasa, ya kalli matan suna rige-rigen rufe su da leda. Ya ce, “Ka yi haƙuri, Kawu, ba zan zo ba. Saura ɗorawa huɗu, kuma ni na yi ɓarnar.”

Inna Saude tana gindin itaciyar, ta ji komai. Ba ta ɗaga kai ba. Ta juya wajen Bushra, wadda ta kawo musu kunu, ta ce, “Ki gaya wa mijinki ranar Juma'a ya zo ya ɗauki hoton daddawar da za a sa a shafin. Ya zo da wuri, kafin ƙudaje su tashi.”

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin cizon tururuwa, fushin kawu, ko duk wani reshe da ya faɗo sanadin karanta ta. Wanda ya hau itacen da ba nasa ba, ya sauko ya yi bayani da bakinsa. Masu yaɗa jita-jitar cewa ni na riƙe wa Munir tsani a ranar, su ji tsoron Allah. Wucewa kawai na zo yi, na ga tsanin yana rawa.