Yadda Za Ka Mayar da Lebura Jikan Gida Kafin Jami'an Ƙwadago Su Iso

Akwati ɗaya, takardar digiri daga Kanada, takalmin roba. Ina cikin jirgin ƙasa da su, ban ko kai gida ba, wana Thibault ya bugo waya. Inabi ya nuna, babban mai tsinkar mana, Dritan, ba shi da izinin aiki, jami'ai kuma suna zagaya gonaki. Wanda aka kama, tara ce mai cinye rabin gona. Ga dabarar wana. Ka bi ta, sakamako tabbas ne.

1. Ƙirƙiri dangi. Ba a hana ɗan uwa taya girbi. Saboda haka Dritan ɗan Albaniya daga yau Didier ne, jikan Gaston, ƙanen Kaka. Ka zaɓi ƙanen da ya rasu, don kada a je tambayarsa.

2. Koya masa gaisuwar sumbar kumatu. In ya zarce a kumatun mace, ka ce masa: "Sumba biyu, ɗan uwa, biyu! Ba aurenta za ka yi ba."

3. Kada ka gaya wa Kaka Odile gaskiya. Gonar tata ce, bakinta kuma ba linzami. Ta ƙare wa Dritan kallo, ta ce, "Hancin Gaston sak. Zauna ka ci, ɗan nan, ka rame."

4. Gayyato dangi na gaske, don ya saje a cikinsu. Za su zo. Za su baje a inuwa da burodi da cuku, suna gardamar wanda zai gaji layin inabi na gabas, mai gonar tana zaune tana ji.

5. Tarbi jami'a da fara'a. Tamu ta tsaya ta dubi gona.

"Waɗancan na inuwa fa?"

"Dangi ne, ranki ya daɗe."

"Na yarda. Wancan mai gumi fa?"

"Shi ma."

"Malam, a gona na tashi. Ban taɓa ganin ɗan uwa ya kai ƙarshen layi ba. Wannan har ya juyo."

6. Sa hannu a takardar tara. Kada ka tsaya kallon adadin a tsaye. Nemi kujera.

Hattara. Ni dai dawowata ke nan, takalmina ko taɓo bai taɓa ba. Duk abin da ya same ka, kai da kakarka. Kakar tamu ta ja Dritan cikin gida, ta tare mini ƙofa da sandarta.

"Gaston bai taɓa haihuwa ba, sakarai. Ni na raine shi."

"To me ya sa kika ce hancinsa..."

"Yaron nan kaɗai ya taɓa karɓar mini kwando a gonar nan. Gobe zan kai shi a nema masa takardar izinin aiki, da sunan da uwarsa ta sa masa. Tarar kuma a rabonka za ta fita."

Ta rufe ƙofa.